Shekarar da Babanku Ya Lashi Bangon Gidanmu

Tun bayan rasuwar babanku nake jin wata magana tana yawo a bakinku, har jikoki sun ɗauka: wai korarsa aka yi daga Jidda, ni kuma wai na bi shi ne don ba ni da yadda zan yi. Nafisa ce ta ƙarshe da na ji ta faɗa, a nan falonta na Aziziyya a Jidda, tana ba wata abokiyar aikinta ta asibiti labari, ina zaune a gefe kamar ba da ni ake ba. Ban tanka ba saboda baƙuwa, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ba ƙarya kuke yi ba gaba ɗaya, korar dai an yi ta. Sai dai ƙarshen labarin kuka ɗauka kuka bar farkonsa, kuma wanda zai gyara muku yana kwance a maƙabartar Gombe. Shi ko da yana raye ma ba zai gyara ba, dariya zai yi ya ce a bar yara. To ni ba shi ba ce, don haka ku zauna ku ji.

A unguwar Ammariyya ta Jidda aka haife ni, a nan kuma aka haifi mahaifina. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya yi aikin hajji, bai koma ba. Baba magini ne, duk unguwa Mu'allim Bakur ake ce masa, kuma aikinsa dutsen mangabi ne, wannan farin dutsen da ake sarowa daga bakin teku aka gina tsohon gari da shi. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara, idan ya ce a'a sai dai a nemi wata hanyar. Ummi kuwa ita ce rediyon gidan. Yayana Abdu direba ne a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke can Khumra cikin rumbunan kaya, yana ɗauko musu akwatunan duwatsu daga tashar jirgin ruwa. Shi ne ya zo wata rana ya ce akwai wani ɗan Najeriya a wurin aikinsu, masanin duwatsu, sunansa Isiyaku, ba shi da kowa a garin, kullum burodi da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, yake ci har ya fara kama da su. Ummi ta ce a kawo shi ranar Juma'a ya ci abincin mutane.

Ina bayan tagar katako ina leƙe lokacin da suka iso. Dogo ne siriri, da wani ɗan gilashi rataye a wuya kamar laya. Abdu ya shiga ya yi wa Baba magana, ya bar shi a ƙofa. Sai na ga baƙon nan ya tsura wa bangonmu ido, ya matsa, ya shafa, ya waiga hagu da dama, sannan ya fito da harshensa ya lashi bango. Wallahi ya lasa. Ya kafa gilashin nan a wurin da ya jiƙa yana murmushi shi kaɗai, kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a kasuwa. A daidai nan Baba ya fito.

“Ya Abdu,” in ji Baba, “wannan ne baƙon? Yalla ku shigo da shi da sauri, yunwa ta kai shi ga cin gida.”

Babanku ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi ta bayani yana in-ina, wai haka suke yi a aikinsu, busasshen dutse ba ya nuna abin da ke cikinsa sai an jiƙa shi, kuma harshe ne ruwan da ya fi kusa. Wai ya manta ne cewa ba a daji yake ba. Ummi kuwa ta yi dariya a kicin har ta zauna a ƙasa. Ni kuma, in gaya muku gaskiya, murmushin nan da ya yi wa bango ne ya tsaya mini a rai. Na ce mutumin da dutse ke faranta masa rai haka ba zai yi wuyar zama ba.

Bayan 'yan watanni ya turo wani dattijo neman aurena. Baba ya ce shi bai haifi 'yar da zai ba mai lasar bango ba. Ummi ta sa baki, ta yi ta yi, har ya sassauto ya ce to ya riƙa zuwa duk Juma'a bayan la'asar, yana so ya auna ko hankalinsa cikakke ne. Haka aka buɗe wata makaranta a tsakar gidanmu. Baba a kan tabarma da butar shayi, babanku a durƙushe, ni da Ummi muna bayan labule muna tsintar shinkafar da ba ta bukatar tsinta. Baba ba ya kiran sunansa, sai dai Muhandis, wato injiniya, kuma yadda yake jan kalmar ka san ba yabo ba ne.

“Tayyib, ya Muhandis. Mutane sun ce fetur kogi ne a ƙarƙashin ƙasa. Kai me ka ce?”

“Baba, ba kogi ba ne. A cikin dutse yake, kamar ruwa a cikin soso.”

“Wa ya zuba shi?”

Sai babanku ya gyara zama, in-inar nan duk ta tafi. Ban taɓa jin mutum yana magana a kan laka da irin wannan ƙauna ba. Ya ce a cikin teku akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, tsirrai da dabbobi, yawansu sai Wanda Ya halicce su. Suna mutuwa suna sauka ƙasa kamar yayyafi. Inda ruwan ƙasan ya kwanta babu iska, ba sa ruɓewa, sai laka ta rufe su, wata lakar ta rufe wannan, yashi ya hau, gishiri ya hau, har nauyi ya danna su can ƙasa inda akwai zafi. A nan suke dahuwa a hankali, shekaru miliyoyi, har maiƙon jikinsu ya fita. Maiƙon ya fi ruwa sauƙi, sai ya yi ta hawa ta cikin ƙofofin dutse har ya tarar da rufin da ba ya yoyo, ya taru a ƙarƙashinsa. Ya ce kuma dahuwar tana da ƙa'ida, suna gane ta daga launin ƙurar furannin da ke cikin dutsen: in ta yi fari-fari bai nuna ba, in ta yi ja-ja an samu mai, in ta yi baƙi wuta ta yi yawa.

“Albasa ke nan!” Ummi ta faɗa daga bayan labule, ta manta ɓoye muke.

“Wallahi Umma, albasa ce sak,” in ji shi.

Daga ranar Ummi ta zama tasa. Ta riƙa tsayawa a gaban risho tana cewa yau da gawar kakannin kifi za mu dafa shayi. Baba kuwa kalma ɗaya ce ta tsaya masa a wuya, miliyoyin nan. Juma'ar da ta biyo baya ko gaisuwa bai bari an gama ba.

“Kana nan aka yi? Wa ya ƙirga maka? Gaibu fa na Allah ne, ya Muhandis. Ka yi hankali da bakinka a gidana.”

Na ce a raina yau an gama. Amma babanku bai ɗaga murya ba, bai kuma janye ba. Ya ce gaibu na Allah ne babu shakka, shi sawu kawai yake bi, kamar mai bin sawun raƙumi a yashi. Ya nuna bango ya ce Baba ya fi shi sanin cewa jerin ƙasa aka fara ɗorawa kafin na sama. Haka duwatsu suke, na ƙasa ya girmi na sama in ba wani abu ya kife su ba. Wannan yana nuna wane ne babba, amma ba ya faɗin shekaru. Sai ya ce a cikin kowane jeri akwai ƙananan ƙwarya, wato ɓawon jikin halittun da suka rayu a lokacin, kuma ba iri ɗaya ba ne daga ƙasa har sama. Wasu su bayyana, su yawaita, su ɓace, ba su ƙara dawowa, wasu su maye gurbinsu. Inda aka ga taro guda ya ɓace wani ya shigo, nan masana suka ja layi suka ce zamani ya ƙare wani ya fara, suka ba kowanne suna.

“Kamar yadda kuke cewa alhazan zamanin ƙafa, da na zamanin jirgin ruwa, da na jirgin sama. Baba, in ka ga akwatin alhaji ai za ka san na wane zamani ne ko ba ka ga mai shi ba.”

“Na ji. Shekarun fa?”

Ya nuna randarmu da ke kan ƙafar ƙarfe tana ɗiga a cikin kwano. Ya ce baƙaƙen duwatsun da ake gani a hanyar Madina daga wuta suka fito, kuma a cikin irinsu, da cikin tokar da dutse mai aman wuta ke watsawa, akwai wani sinadari da ke juyewa ya zama wani a hankali, da ma'aunin da zafi ko sanyi ba sa canzawa. In ka auna wanda ya rage da wanda ya juye, kamar ka duba ruwan randa ka duba na kwano ne, ka san tun yaushe take ɗiga. Ya ce misalin bai cika daidai ba, amma ya kusa. In aka samu toka a ƙarƙashin wani jeri da toka a samansa, shekarun ƙwaryar da ke tsakani sun fito, kuma duk inda aka sake ganin irinta a duniya ta zo da shekarunta a goshi. Ya ƙara da cewa ba sa taɓa cewa daidai kaza, sai dai kusan kaza, da ɗan ƙari ko ragi, kuma akwai duwatsun da in an tambaye shi zai ce bai sani ba. Na lura Baba ya ɗaga kai a kan wannan kalmar ta ƙarshe.

Amma tsohon nan yana da tarko a ajiye. Ya miƙe ya dafa bangon da aka lasa.

“Tunda duwatsu suna gaya maka shekarunsu, gaya mini na gidan nan.”

Duk unguwa ɗauka ake gidanmu tsoho ne tun na Turkawa, saboda duwatsunsa sun ci duniya. Babanku ya tashi ya bi bangon a hankali da gilashinsa, wannan karon da ƙoƙon ruwa a hannu don ya koyi darasi. Ya daɗe, har shayi ya huce. Sannan ya dawo ya durƙusa.

“Baba, duwatsun sun girme ka. Akwai tsohon farin shafe a gefen da ke kallon ciki, an taɓa gina wani gida da su. Amma a jerin ƙasa, can cikin kwaɓin, na ga ɓallin bulon siminti. Bango ba ya girmar ƙaramin abin da ke cikinsa. Ina jin Abdu ya girmi gidan nan.”

Haka ne kuwa. Daga rusassun gidajen Balad, tsohon gari, Baba ya kwaso duwatsun a kan amalanke, Abdu yana rarrafe. Babanku ya ce wannan ita ce babbar matsalar aikinsu ma: ruwa yakan kwashe tsohuwar ƙwarya daga tsohon dutse ya zuba ta a sabuwar laka, mai gaggawa ya gani ya ce ya isa tsohon zamani, alhali bai isa ba. Baba ya zuba masa shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya faɗi abin da ke ransa tun farko. Ya ce hankali ya gani, amma 'yarsa ɗaya ce mace, kuma ɗan kwangila baƙo ne ko ya shekara nawa. In kafilinsa, wato mai ɗakin gwajin da ya tsaya masa, ya sabunta masa iƙama, takardar zama a ƙasar, ya tabbata zai zauna a Jidda, halas, an ba shi. In ba haka ba, kowa ya riƙe nasa.

Muka ɗauka an gama, don mai ɗakin gwajin ya riga ya yi masa alkawari. Ummi har ta fara sayen turare. Sai ga wani aiki ya shigo daga wani kamfani da ke haƙa rijiya a ɗaya gefen teku. Sun yanko sandar dutse daga can ƙasa suka aiko a duba ko sun kusa tsohon jerin da ake sa ran yana da mai. In an ce sun kusa, za su ci gaba da haƙa, ɗakin gwajin kuma ya ci gaba da samun aiki. Babanku ya wanke, ya tace, ya duba a madubinsa, ya ga tsofaffin ƙwaryar da ake nema. Mai wurin ya yi murna. Amma babanku ya ga duk a goge suke, a farfashe, kuma a tsakaninsu ga wasu ƙanana sababbi garau, na zamanin da ya zo daga baya. Bangon gidanmu ne aka aiko masa daga ƙarƙashin teku. Ya ce ba su kusa ba, da sauran nisa sosai, mai yiwuwa ma jerin babu shi a wurin. Mai wurin ya ce ai ba ƙarya zai yi ba, ya rubuta tsofaffin da ya gani ya yi shiru a kan sauran. Ya kuma tuna masa a hannun wa iƙamarsa take.

Abdu ne ya kawo mana labarin, yana huci kamar shi aka yi wa.

“Ya akhi, abin da ko ƙwayar gero ta fi shi! Wa zai gani in ba shi ba? Na ce masa ya sa hannu ya yi aurensa, ya ce wai shi ya gani.”

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Ina jin haushin babanku, ina kuma jin wani irin girmansa da ban san inda zan ajiye shi ba. Ranar Juma'a ya zo kamar kullum, da rigarsa a goge. Ya gaya wa Baba cewa an ba shi takardar fita ta ƙarshe, bai cika sharaɗi ba, ya zo ne ya yi godiya a kan shayi da haƙurin da aka yi da shi. Bai roƙi komai ba.

“Da ka yi shiru a kan ƙananan, wa zai kama ka?” in ji Baba.

“Wataƙila babu, Baba. Amma mutane za su yi ta haƙa a kan maganata, a cikin teku, da rayukansu. Kuma kai ka tambaye ni wa ya ƙirga mini. In na ɓoye wannan, duk abin da na faɗa maka a gidan nan ya zama tatsuniya.”

Baba ya dubi randa. Sannan ya kira ni da sunana, a gaban baƙo, abin da ba a yi a gidanmu.

“Sa'adiyya, fito. Ya binti, kin ji da kunnenki. Mutumin nan tafiya zai yi, kuma ƙasar da za shi ko ni ban taɓa ganinta ba. In kin bi shi, takardarki ta nan ta mutu, ba ki da Jidda sai da biza kamar kowace baƙuwa. Ni na sa sharaɗi, ni na janye shi. Saura naki.”

Ku ji da kyau, ku da kuke cewa ba ni da yadda zan yi. Ina da shi. Ga uwata a bayana tana toshe baki da mayafi, ga unguwar da na san kowane lungunta, ga teku, ga Makka a kusa kamar gidan maƙwabta. Hausata ma a lokacin rabi Larabci ce, na san za a yi mini dariya a can, an kuwa yi. Na dubi mutumin nan da ya yarda ya rasa ni a kan abin da ba a gani sai da madubi, na ce a raina wanda bai ha'inci baƙin da bai taɓa gani ba, ni ba zai ha'ince ni ba. Na ce wa Baba zan bi shi. Shekarun da muka yi tare kun gan su: koyarwa ya koma yi, bai tara komai ba sai ɗalibai da duwatsu, ya cika mini gida da su har ƙarƙashin gado. Amma ko sau ɗaya ban taɓa kama shi da magana biyu ba.

Abin da na biya kuwa na biya. Ban ƙara ganin Baba ba. Ina da cikin Hamza aka aiko cewa ya rasu, kafin a samu biza an yi arba'in. Wannan ciwon yana nan, ba na ɓoye shi, kuma ban taɓa ɗora wa babanku shi ba. Makon jiya na sa Nafisa ta kai ni Ammariyya, na kasa gane ko inda ƙofarmu take, gidan babu shi.

Ranar da za mu tafi, da safe, kaya suna cikin motar Abdu, Baba ya fito da gudumarsa. Ya je daidai wurin nan na gefen ƙofa, ya ɓallo ɗan guntu daga bangon da ya gina da hannunsa. Muna kallo ya juya shi, ya kai bakinsa, ya lasa. Mu'allim Bakur, mai harara, a gaban maƙwabta. Ya miƙa hannu babanku ya ciro gilashin daga wuyansa ya ba shi. Ya daɗe yana dubawa, ido ɗaya a rufe.

“Subhanallah. Shekara da shekaru ina sara shi, ashe gari ne guda a ciki.” Ya damƙa wa babanku dutsen, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. “Ka riƙe mini ita, ya ɗana.”

Wannan shi ne farin dutsen da ke cikin kabad ɗin falo a Gombe, wanda Hamza ya ce a zubar lokacin da kuke kwashe tarkacen babanku, na hana ban faɗi dalili ba. Duk duniya shi kaɗai ya rage daga gidan da aka haife ni, kuma mutum biyun da na fi so sun sa masa baki. In na mutu ku raba komai yadda shari'a ta ce, shi kuwa ku ba wanda a cikinku ba zai ji kunyar lasarsa ba.